Kisan Kazmaju a Damagaram, 1898: laifin Kuran Daga ne aka ci mu a Tirmini?

Daren Alhamis da ya wuce gardama ta kaure a fadarmu ta cikin Birni, har shayi na biyu ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya lura. Wani ƙanenmu ɗan jami'a ne ya tada ta, ya karanto wani rubutu a wayarshi wai Sarki Amadu Kuran Daga shi ne ya fara nuna ma Faransa iyakarta a ƙasar nan, tunda ya kashe musu kapiten mai suna Kazmaju tun 1898. Kawu, wanda duk ya girme mu, tsohon malamin lakwal ne da ya daɗe da aje alli, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kashe baƙon da ya sauka a gidanka ba jarumta ba ce, kuma wannan kisan shi ya jawo mana yaƙin Tirmini, inda Faransa ta ci mu." Yaron ya ce, "Haba Kawu, to da sai ya shimfiɗa musu tabarma su cinye ƙasar yana kallo?" Daga nan kowa ya kama ɓangare, murya ta yi sama.

Ni ban ce uffan ba a daren, amma wallahi da abun na kwana. Dan gaskiya ina ganin dukkansu biyun akwai inda suka kama akwai inda suka saki, kuma abun da ya fi damuna shi ne mu 'yan garin nan muna wucewa ta gaban gidan sarki kullum safe da yamma amma kaɗan ne cikinmu za su iya jera maka yadda lamarin ya gudana daga farko. Shi ya sa na zauna na rubuta shi.

Sai an fara sanin wace irin Damagaram ce baturen ya tarar. Wanda ya gina ƙarfinta Sarki Tanimun ne, da ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, wadda har yau in ka zaga wasu lunguna za ka ga guntayenta, laka ce ja mai kauri da ruwan damina ya zaizaye ta ta zama kamar tudu, awaki na hawa kai yara na zamiya a jikinta, amma in ka tsaya ka auna faɗin gindinta da ido za ka san ba aikin wasa aka yi ba. Tanimun ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a nan gida, har igwa maƙeranshi suka riƙa zubawa, abun da ba kowace masarauta ta yankin ke da shi ba a lokacin. Kuɗin duk wannan daga ina? Daga Zango, unguwar fatake. Ayarin raƙuma na saukowa daga Tarabulus ta Gadamus da Gat da Agadas, su sauke tufafi da takarda da sukari da makamai, su ɗauki gashin jimina da jemammun fatu, da kuma bayi. Eh, bayi, ba zan tsallake wannan ba dan garinmu ne, yaƙe-yaƙen Damagaram da yawa na kamun bayi ne kuma da su aka sayi bindigar.

A sunan dai Damagaram tana ƙarƙashin Borno, ana kai gaisuwa ga Shehu a Kukawa, duk da tun zamanin Tanimun igiyar ta yi sako-sako. To a 1893 abubuwa uku suka haɗu kusan lokaci guda. Amadu ɗan Tanimun ya hau gadon sarauta, shi ne ake ma kirari da Kuran Daga. Rabe, wanda ya taso daga Sudan da rundunarshi ta 'yan bindiga masu horo, ya murƙushe Borno ya ƙone Kukawa, daga baya ya kafa zamanshi a Dikwa. A kudu kuma Kano ta faɗa basasa tsakanin Tukur da Yusufawa, wadda ta ƙare da Alu a kan mulki. Ku duba wannan da kyau, daular da ta shekara ɗaruruwa tana tsaye, wadda kakannin Amadu ke kai ma gaisuwa, mutum ɗaya ya zo ya rushe ta cikin ɗan lokaci. Damagaram ba ta yi ma Rabe mubaya'a ba, kenan kullum sarki ya kwanta ya tashi yana sane da cewa wata rana ƙura na iya tasowa daga gabas. Ga kuma Kano, wadda shi da kanshi ya riƙa kai ma hari, aka gwabza a Gezawa aka gwabza a Tattarawa. Idonshi ɗaya na gabas ɗaya na kudu. Yamma ba ta cikin lissafi sosai.

Ta yammar nan kuwa baƙon ya ɓullo. Kapiten Kazmaju sojan injiniya ne, haifaffen Marsai a 1864, kenan bai ma kai shekara 35 ba, kuma ya taɓa shiga Sahara har Gadamus kafin wannan tafiyar. An turo shi ya bi ƙasashen da ke tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi, ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna, sannan ya isa wurin Rabe ya nemi fahimtar juna da shi. Ya biyo ta Argungu a farkon 1898, a watan Afrilu ya iso Damagaram tare da tafintanshi, wani bature mai suna Oliv, da 'yan tsirarun sojoji baƙar fata irin waɗanda ake ce ma tirayar. An karɓe shi, an sauke shi, an yi gaisuwa da musayar kyauta kamar yadda aka saba yi ma baƙon sarki. Ya yi kamar sati uku a garin.

Matsalar ita ce inda ya nufa. Ka sa kanka a zauren sarki a wannan lokaci. Ga bature da bindigogin da ba ka taɓa riƙe irinsu ba, yana gaya maka daga nan wurin Rabe zai je, mutumin da ya ci Borno kuma kake jiran ranar da zai juyo kanka. Me zai kai mishi? Makamai? Labarin ƙofofin ganuwarka da yawan dawakinka da inda rijiyoyinka suke, tunda sati uku yana gani yana rubutawa? Ko alkawarin su haɗa kai su raba ƙasarka? Ba sarkin da zai ji wannan barci ya ɗauke shi. Sannan ga fataken arewa da ke zaune a Zango, waɗanda su sun san Faransa fiye da kowa a garin. Sun san ta ci Aljeriya tun 1830, ta shiga Tunus a 1881, ta kama Tumbutu a 1894, kuma duk inda ta zauna cinikin ayari sai ya canja hannu, cinikin bayi kuma ya shiga uku. Masu binciken tarihi suna kawo tsoron haɗin baki da Rabe a gaba, sannan su kawo zugar waɗannan fatake da wasu na kusa da sarki. Ni a ganina biyun tafiya ɗaya suka yi, tsoron yana nan tun farko, masu zuga suka samu wurin hura wuta.

Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kira Kazmaju da tafintanshi, suka zo ba da shirin faɗa ba, aka far musu aka kashe su, aka jefa gawarwakin a rijiya.

A nan zan tsaya in ba Kawu gaskiyarshi tun kafin in ci gaba. Wannan ba kisan fagen daga ba ne. Mutum ne da aka sauka, ya ci abincin gari, ya amsa kira yana ganin yana cikin amana. Addininmu bai yarda da taɓa manzo ba, al'adarmu ma haka, ko tsakanin Damagaram da Kano da ake zubar da jini manzo na zuwa ya koma. Da an kore shi ya koma inda ya fito, ko an tsare shi an hana shi hanyar gabas, da ba wanda zai ɗaga ma sarki yatsa. Ina ƙaunar tarihin garinmu har cikin raina, amma ba zan kira wannan ranar da sunan da ba nata ba.

Akwai wani abu da ya biyo bayan kisan wanda mutane ba su cika kawowa ba, kuma ni shi ya fi tsaya mini. Sojojin rakiyar nan, da suka ji an kashe shugabanninsu, ba su miƙa wuya ba. Suka kafe a masaukinsu suka yi ta harbi, duk yawan mayaƙan gari aka kasa cin su, daga ƙarshe suka ja da baya suka kama hanyar yamma, waɗanda suka tsira suka kai labari. 'Yan tsiraru fa, ba bature ko ɗaya a kansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ma fada cewa bindigar da ke hannun mutanen nan wata aba ce daban, kuma in 'yan kaɗan sun yi haka to ɗaruruwa fa? Sarki ya samu wata 14 tsakanin wannan rana da Tirmini. Kuskurenshi babba a wurina shi ne har lokacin Rabe da Kano yake ɗauka manyan abokan gaba, nasara kuwa, wato turawa, baƙi ne da ke wucewa ɗaya-ɗaya.

To amma yanzu ga inda ban bi Kawu ba, wato cewa kisan ne ya kawo Faransa. Tun ranar 5 ga Agusta 1890, shekara 8 kafin Kazmaju ya taka garin nan, Ingila da Faransa suka ja layi a kan takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, arewa ta Faransa kudu ta Ingila. Ba a tambayi Sarkin Damagaram ba, ba a tambayi Sarkin Musulmi a Sakkwato ba, ba a tambayi Shehun Borno ba. Sannan ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Paris suka gyara layin, suka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin aka bar ma Ingila, Damagaram ta tabbata a rabon Faransa. Ku ƙirga daga 5 ga Mayu zuwa 14 ga Yuni, kwana 40 cif. Masu sa hannun sun daɗe suna ciniki a kan wannan iyaka tun baturen na raye, ba gawarshi ce ta zaunar da su ba.

Kuma Faransa na da babban buri wanda ya fi Damagaram, so take ta haɗe ƙasashen da ta mallaka a arewa da yamma da tsakiyar Afirka su zama abu ɗaya, mahaɗar kuwa tafkin Chadi. Shi ya sa ta shirya runduna uku su haɗu a can, ɗaya daga Aljeriya ta ratsa Sahara ƙarƙashin Furo da Lami, ɗaya daga Kwango ƙarƙashin Janti, ɗaya daga Kwara ƙarƙashin Vule da Shanuwan. Duk mai tafiya Chadi daga yamma ko daga Ayar, ina zai sha ruwa ya sayi hatsi ya canja raƙuma in ba nan ba? Biyu daga cikin ukun ta garin nan hanyarsu ta biyo. Da Kazmaju ya tafi lafiya da rakiya da guzuri, da rundunonin nan sai sun zo.

In kana son shaida ka dubi abun da rundunar Vule ta yi a hanya. Sun taso daga bakin kogi a Janairu 1899, sojoji ɗaruruwa da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi da mata da dabbobi, taro ne da ba rijiyar ƙauyen da za ta iya shayar da shi, dan haka duk inda suka sauka sai kwace da wuta. A Sansane Hausa suka kashe mutum sama da 100 har da mata da yara. A Lugu, a watan Afrilu, Sarauniya da mutanenta suka tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka afka ma Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Wane kapiten mutanen Ƙonni suka kashe? Wane bature mutanen Sansane Hausa suka jefa a rijiya? Ba ko ɗaya. Sarkin Kabi da ya karɓi Kazmaju a Argungu hannu biyu, ƙasarshi ma ba ta tsira ba, Ingila ce ta ɗauka. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Wanda ya yi faɗa da wanda ya yi maraba duk ruwa ɗaya ya ci su.

Ta'asar Vule ta yi yawa har labari ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa da ya baro rundunar, aka turo Kanar Kulob ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ya yi ta bin gawarwaki da tokar ƙauyuka har ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli 1899 Vule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin suka juya ma shugabanninsu, suka kashe Shanuwan ranar 16, Vule ranar 17. Kaburburansu na nan a Maijirgi, a kan hanyar Maraɗi. Laftana Paliye ya karɓi ragamar abun da ya rage, tare da Jowalan, suka ci gaba da nufo gabas, yanzu kuma da hujja a bakinsu, wai fansar Kazmaju.

Kenan rundunar da ta iso Tirmini a ƙarshen Yuli, sati biyu kacal da ta gama kashe shugabanninta, a gajiye take, ba yarda tsakanin manya da ƙanana, turawan cikinta ba su kai 10 ba, sauran duk baƙar fata ne 'yan uwanmu daga ƙasashen yamma, Bambara da sauransu. Sarki ya fito da dawaki da 'yan bindiga ya tare su a can, kamar kilomita 25 yamma da gari. Ba tsoro ya ji ba, ya fito. Amma ga yadda abun yake. Bindigarmu ta toka ce, ka zuba albarushi ta baki, ka tura tsumma, ka sa harsashi, ka danna da sanda, ka harba sau ɗaya sannan ka sake daga farko, kuma in mutum ya wuce taki 100 sai dai sa'a. Bindigogin Faransa na lokacin, Gra da Lebel, ta baya ake ɗura su, Lebel na ɗaukar harsashi 8 a cikinta, suna kai mita ɗaruruwa, kuma an horar da sojan su tsaya sahu su saki wuta lokaci ɗaya da umarni, ga kuma ƙaramar igwa da suke ja. Doki da lifidi da mashi sai ya ratsa duk wannan fili kafin ya taɓa mutum ɗaya. Barde komai zuciyarshi ba ya isa. Aka karya rundunar Damagaram, sarki ya janye da waɗanda suka rage, mutanen gari da yawa suka watse cikin daji, ranar 30 ga Yuli birni ya shiga hannunsu, ganuwar Tanimun da igwoginta ba su yi aikin da aka gina su dominshi ba.

Abun da ya biyo baya ya zo da sauri. Suka ɗora ɗan uwan sarki Amadu ɗan Basa a kan sarauta. Suka bi sawun Kuran Daga har suka same shi a Rumji a tsakiyar Satumba suka kashe shi. A Oktoba Jowalan da wani hafsa Meniye suka wuce Chadi, a farkon Nuwamba Furo da Lami suka iso daga Agadas. Barikin da aka gina a kan duwatsu suna kallon gari aka sa mishi sunan Kazmaju. A nan ne nake ganin kisan 5 ga Mayu ya yi tasirinshi na gaske, ya toshe ƙofar magana. A wasu wurare nasara kan bar sarkin da suka tarar in ya sa hannu, amma Kuran Daga tun kafin su iso an riga an yanke cewa jininshi suke nema, ba shi da abun da zai miƙa a karɓa.

Haɗin bakin da ya ji ma tsoro kuwa bai taɓa ƙulluwa ba. Wani Bafaranshe mai suna Behagil da ya isa wurin Rabe da irin wannan niyya ta sulhu da ciniki, rataye shi aka yi a Dikwa a 1899. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin nan uku suka haɗu a Kusiri suka yaƙi Rabe, aka kashe shi, Lami ma a nan ya mutu. Ba a cika shekara biyu da kisan Kazmaju ba, Rabe da Kuran Daga duk suna ƙasa, kuma hannu ɗaya ya kai su. Ban ce sarki ya kamata ya san gaibu ba, a Mayu 1898 tsoronshi na da tushe tunda da gaske wurin Rabe aka aiki baturen. Sai dai abun na sosa mini rai, Damagaram da Kano da Borno da Sakkwato kowa na gadin ƙofarshi daga maƙwabci, ba wanda ya samu labarin takardar da aka riga aka raba su a kai.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda na so in gaya ma Kawu tun a daren. Amadu ɗan Basa ai bai kashe kowa ba, su suka naɗa shi, ya tara musu haraji da hatsi da 'yan aiki. Malam Yaro, babban attajirin Zango, ya yi hulɗa da su ya taimake su da kaya da bashi. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato da na Kobkitanda da Karma a yamma, hankalin turawa ya tashi ko'ina, sai aka ce an gano makirci a Zinder na kashe su. Aka kama sarki aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwa, Malam Yaro ma abun ya shafe shi. Aka soke sarautar ɗungurungum aka miƙa riƙon gari ga Ballama, bawan fada, sai a 1923 aka mayar da ita ga gidan da Barma Mustafa. Garin ya zama babban birnin mulkinsu a 1911, a 1926 suka kwashe suka koma Yamai. Wanda ya yi musu biyayya shekara 7 ya samu.

Shi kuma ƙanen namu, na fahimci abun da ke cin shi. Tun da sojan Faransa suka fice daga ƙasar nan a Disamba 2023, aka fara canja sunayen tituna a Yamai har babban titin Dagol ya koma na Jibo Bakari, matasa na neman nasu gwaraza da aka ɓoye musu a littafin lakwal, kuma suna da gaskiya, ni ma ina tare da su a wannan. Kuran Daga ya fito fili ya tari rundunar da ta ƙone Ƙonni, ya ƙi miƙa kai har aka kashe shi, wannan ba wanda zai ƙwace mishi. Amma ba dan Nijar ya yi ba, lokacin babu ita, dan gadon ubanshi Tanimun ya yi. Kuma in ka je ƙauyukan arewacin Kano ka ambaci Damagarawa na wancan zamani, labarin hari da kamun mutane za a ba ka. In za mu ɗauke shi mu ɗauke shi dukanshi, da Tirmini da rijiyar da Gezawa.

Da na koma fada daren Asabar na zayyana musu duk wannan, har da lissafin kwana 40. Kawu ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Na ji, da sun zo ko ba a kashe shi ba. Amma amana dai an ci ta." Na ce, "Haka ne Kawu, ban musa ba." Yaron ya ce shi dai yana son ya ga wurin da idonshi, tunda sau nawa yana wucewa Tirmini a mota bai taɓa sauka ba.

Lahadi da hantsi muka tafi, ni na goya Kawu a babur, shi ya biyo mu da na abokinshi. Muka wuce garin kaɗan muka tsaya a bakin kwalta inda gonaki suka buɗe, an riga an yi girbi sai karan gero a tsaye da wasu a kwance, ƙasa fara mai yashi, iska na ɗaga ƙura sama-sama. Kawu ya sauka ya gyara rawaninshi ya ce ma yaron, "Tsaya nan kar ka motsa." Ya shiga gona yana ƙirga taki da ƙarfi, kara na karyewa a ƙarƙashin takalminshi, har ya kai 100 ya juyo. Daga inda muke ana ganin fuskarshi sarai, har farin gemunshi. Ya ɗaga murya ya ce, "Nan ne iyakar tamu." Sannan ya miƙa sandarshi ya nuna wani gawo can nesa, wanda in mutum na tsaye a gindinshi ba za ka bambance namiji ne ko mace ba, ya ce, "Tasu daga can take fara ci."

Yaron ya daɗe yana kallon tsakanin Kawu da gawon bai yi magana ba. Da Kawu ya dawo yana haki ya ce mu ɗaga hannu, muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ga waɗanda suka kwanta a filin, ya ƙara da mutanen Ƙonni da na Lugu da na Sansane Hausa. Muka shafa, wani mai amalanke da ke wucewa da buhunan gero ya tsaya ya shafa tare da mu, sannan ya tambaye mu ko rasuwa aka yi.